Sa-kai a binciken imajansi, ko magatakardan likita, ko motar asibiti: wanne ɗalibinmu a Amurka zai kama?

Karatun likita a Amurka ba irin na gida ba ne da za ka gama sakandare ka zana JAMB ka faɗa MBBS kai tsaye. Sai ka fara gama digirin farko na shekara 4, ka zana jarrabawar MCAT ta shiga makarantar likitanci, sannan ka cike fom ɗin neman gurbi na AMCAS, wanda a cikinsa akwai gurbi 15 na ayyukan da ka yi a wajen aji, cikin su kuma ka ware guda 3 ka ce su ne suka fi taɓa ka. Toh a nan ne ƙannenmu ke rikicewa, yaro na da maki mai kyau amma bai taɓa tsayawa gaban mara lafiya ba, sai ka ga a shekara ta uku yana ta faɗi-tashin neman inda zai liƙa. Hanyoyin da aka fi bi guda uku ne, kuma duk a imajansi suke haɗuwa: ko ka yi aikin sa-kai kana taya masu bincike, ko ka zama magatakardan likita wanda suke ce wa scribe, ko ka yi kwas ɗin EMT, watau ma'aikacin agajin gaggawa, ka hau motar asibiti. Daga nesa kamar abu ɗaya ne tunda duk kayan asibiti za a gan ka da su, amma wallahi abin da kowanne ke koya maka daban, abin da yake ci maka ma daban.

Bari in fara da na binciken don shi ne mutane suka fi yi wa gurguwar fahimta. Manyan asibitocin koyarwa da yawa suna da shiri na ɗaukar ɗaliban jami'a su zauna a imajansi suna tara bayanai. Jami'ar UCLA na da shirin EMRA, ta UC Davis na da EMRAP, asibitin Bellevue a Niyok na da PAVERS, Jami'ar Pennsylvania ta daɗe da nata shirin, asibitin Hennepin a Minneapolis ma haka. Wasu sa-kai ne zalla, wasu a matsayin kwas ake yinsa a ba ka maki, 'yan kaɗan ne ke biyan kuɗi. Dalilin da ya sa suke buƙatar ku a fili yake, imajansi ba a rufe ta dare da rana, kuma tun dokar EMTALA ta 1986 ba a korar kowa sai an duba shi, ko yana da inshora ko ba shi da ita, don haka kowane irin mutum da kowane irin ciwo yana shigowa, likitan da ke kan diyuti kuma bai da minti goma na zama ya karanta wa mutum takardar bincike. Ga shi binciken imajansi adadi yake so. Binciken NEXUS da ya fito a 2000, wanda ya nuna wane mai rauni ne za a iya ƙyalewa ba a ɗauki hoton wuyansa ba, mutum sama da 34,000 aka bi a asibiti 21. Na PECARN na 2009 kan yaran da suka bugu a kai, wa ke buƙatar hoton CT wa ba ya buƙata, yara sama da 42,000 ne. Irin wannan adadi ba ya taruwa sai akwai mai sa ido kan duk wanda ya shigo ƙofa.

Ga yadda diyutin yake. Ka zo, yawanci na 'yan awanni ne kamar huɗu, sau ɗaya ko biyu a sati, ka rataya bajonka, ka ɗauki kwamfutar hannu, ka zauna gaban allon da ke nuna duk marasa lafiyar da ke ciki, ɗaki kaza, shekara kaza, abin da ya kawo shi kaza. A hannunka akwai jerin binciken da ake yi, kowanne da sharuɗɗan wanda zai shiga da wanda ba zai shiga ba. A ce akwai na masu ciwon ƙirji. Sai ka hango ɗaki na 12, namiji, ciwon ƙirji tun asuba. Ba faɗawa za ka yi kawai ba, sai ka fara samun nas ɗin da ke kula da shi ko likitan, ka tambaya ko yanzu ya dace a shiga, kuma sau da yawa ko kallonka ba za ta yi ba za ta ce ba yanzu ba. Ka jira. In an ba ka dama ka ƙwanƙwasa, ka gabatar da kanka, ka faɗa masa a fili kai ba likita ba ne, ɗalibi ne, kuma in ya ƙi shiga babu abin da zai ragu daga kulawar da ake ba shi. Mutumin nan fa yana kwance da wayoyi manne a ƙirji, ruwa na shiga a hannu, matarsa na gefe ta haɗe rai, ya yi awa biyar yana jira, kai kuma ka zo masa da takarda mai shafi da yawa. Da yawa za su ce a'a kafin ka rufe baki. Wanda ya yarda ka bi takardar da shi, ya sa hannu, ka yi masa tambayoyi, ka shigar a REDCap, wata manhajar tara bayanai da Jami'ar Vanderbilt ta ƙirƙiro a 2004 wadda kusan ko'ina ita ake amfani da ita. Shikenan, ka koma allo.

A ganina wannan neman yardar shi ne ainihin ribar aikin, kuma cikin ukun nan shi kaɗai ke koyar da shi. Mu kam ba sai an yi mana dogon bayani ba, wanda ya san abin da ya faru a Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya ƙunshi yara wajen 200, aka yi shekara da shekaru ana shari'a kan ko iyayen sun san gwaji ake yi, har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009, ya san sa hannu a takarda ba wasa ba ne. Su ma baƙaƙen fatar Amurka suna da nasu tabon, binciken Tuskegee daga 1932 zuwa 1972, inda aka bar maza masu ciwon tunjere ba magani don kawai a ga yadda ciwon zai kasance, daga nan ne aka samu Rahoton Belmont na 1979 kan kare mutanen da ake bincike a kansu, da yawancin ƙa'idojin da za a sa ka haddace. Don haka in dattijo baƙar fata ya kalle ka ya ce shi ba ɓeran gwaji ba ne, kar ka ji haushi, yana da tarihi a bayansa. Kuma kar ka yarda ka koma ɗan kamasho a tasha mai jan hannun fasinja, don akwai shirye-shiryen da ake ƙirga mutum nawa kowa ya shigar, sai yaro ya fara gaggauta bayani yana tsallake layin da ke cewa kana da damar fita duk sanda ka so. Wanda ke cikin maye, ko wanda aka ɗirka wa allurar kashe zafi mai ƙarfi yana lumshe ido, sa hannunsa ba yarda ba ce. Akwai dai wata ƙa'idar hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta 1996 da ta ba da damar wasu bincike ba tare da neman yarda tun farko ba, kamar wanda zuciyarsa ta tsaya, amma wannan na manya ne da sharuɗɗa masu tsauri, ba hurumin ɗalibi ba.

Yanzu abin da ba sa rubutawa a takardar talla. Na ɗaya, ba za ka taɓa mara lafiya ba, ko awon jini ba naka ba ne a mafi yawan wurare. Na biyu babu ko sisi. Na uku, kuma nan ne ake yaudarar kai, tara bayanai ba ya sa sunanka ya hau kan takardar da za a wallafa. Ƙa'idar ICMJE da mujallun likitanci ke bi tana so a ce ka sa hannu sosai a aikin, ka taya rubutawa ko gyarawa, ka amince da sigar ƙarshe, kuma ka ɗauki alhakinta. Ɗalibai hamsin da suka yi ta cike fom, in sun yi sa'a a gode musu a layi ɗaya a ƙarshen takarda. Wanda ke son suna sai ya daɗe, ya zama shugaban ɗalibai a shirin, ya je ya sami likitan da ke jagorantar binciken ya ce ranka ya daɗe a ba ni wani ɓangare in yi nazari, daga nan ne ake samun ɗan taƙaitaccen rahoto da za a kai taron ƙungiyoyin likitocin imajansi, SAEM ko ACEP. Sannan akwai ranakun da za ka yi awa huɗu cur babu mutum ɗaya da ya cika sharaɗi, ka yi ta kallon allo har ka tashi.

Magatakardan likita kuwa aiki ne na albashi. Kana bin likita ɗaki-ɗaki da kwamfuta a kan ɗan tebur mai taya, yana tambayar mara lafiya kana bugawa, abin da ya kawo shi, magungunan da yake sha, abin da aka gani a gwaji, abin da aka yanke. Yawanci ba asibitin ke ɗauka kai tsaye ba, kamfani ne irin su ScribeAmerica, kuɗin kuma ba yawa, yana kusa da mafi ƙarancin albashin jihar. Amma fa in maganar koyon yadda kan likita ke aiki ce, babu na biyunsa. Cikin diyuti ɗaya za ka ga ciwon ciki kala-kala, ka ji dalilin da ya sa wannan aka tura shi hoto wancan aka sallame shi da magani, bayan wata shida sai ka ga kana cankar abin da likita zai rubuta kafin ya buɗe baki, kuma kalmomin nan da ke wahalar da 'yan shekarar farko a makarantar likitanci kai tuni sun zauna maka. Wasiƙar shaida ma ta nan ta fi nauyi, don likitan da kuka yi dare ashirin tare ya san ka ciki da waje, ba kamar shugaban binciken da ƙila sau biyu ya taɓa ganin fuskarka ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokaci. Diyuti awa 8 ne zuwa 12, da na dare da na ƙarshen mako da ranakun hutu, kamfanonin kuma suna son alƙawarin shekara ko fiye don sun kashe lokaci wajen koya maka. Ka haɗa wannan da kwas ɗin oganik kemistiri ka gani, makin da kake ta karewa shi zai fara zubewa, kuma babu aikin asibitin da ke gyara maki in ya lalace. Sannan a ɗakin kai kurma ne, ba ka magana da mara lafiya, ba ka taɓa shi, wani ma har ya fita bai san kana wurin ba. Dole hannunka ya yi sauri a kan kibod, kunnenka kuma ya saba da Turancinsu mai haɗiye kalmomi, wanda ga sabon zuwa ba ƙaramin aiki ba ne. Wani abin dubawa kuma, manhajojin da ke sauraron hirar likita da mara lafiya su rubuta da kansu, irin su Abridge da DAX na Microsoft, wanda aka haɗe cikin Dragon Copilot a 2025, suna ta shiga asibitoci, don haka kafin ka ɗora buri a kan wannan aiki bincika ko asibitocin garinku har yanzu suna ɗaukar mutane.

EMT shi ne na masu son hannunsu ya taɓa. Kwas za ka fara yi, na awa 150 ko kusa da haka ya danganta da jiha, da kuɗinka, galibi a ƙananan kwalejojin unguwa ya fi araha, sannan jarrabawar ƙasa ta NREMT da lasin ɗin jiha. Bayan nan kai ne mai awon jini, mai sa iskar oksijin, mai ɗaure karaya, mai danna ƙirji in zuciya ta tsaya, kuma za ka shiga gidajen mutane ka ga inda ciwon ya samo asali, hawa na biyar babu lifta, firij babu abinci, tsohuwa ita kaɗai da kwalaben magani goma ta rasa wanne ne na safe. Sai dai kar fim ya ruɗe ka, sabon EMT da yawa ba kiran 911 yake amsawa ba, jigilar masu wankin ƙoda yake, da kai tsofaffi daga asibiti zuwa gidan kula da su, ɗauka da saukewa har bayanka ya faɗa maka. Wasu jami'o'in suna da ƙungiyar agajin gaggawa ta ɗalibai a cikin makaranta, nan kam yawanci wanda ya sha ya bugu ne da wanda ya gurɗe a filin ƙwallo. Da satifiket ɗin kuma za ka iya neman aikin mataimaki a cikin imajansin kanta, wanda ni a wurina ya fi motar ma ga mai son likitanci, don kana taɓa mara lafiya kuma kana ganin likitoci. Ga wanda ke tunanin karatun PA, watau mataimakin likita, nan ba ma zaɓi ba ne sosai, don fom ɗinsu na CASPA ya raba awannin kula da mara lafiya kai tsaye da sauran awannin asibiti, EMT na shiga na farkon, magatakarda wasu makarantu su ƙirga wasu su ƙi, tara bayanan bincike kuwa a wani gurbi daban yake zama.

Akwai kuma binciken lab, na ɓeraye da kwalabe, wanda wasu ke haɗawa cikin lissafin. Wannan in MD-PhD kake hari, watau haɗa likitanci da digirin digirgir na bincike, dole ne, sa-kai a imajansi ba zai maye gurbinsa ba. In ba haka ba bar shi gefe, ba mara lafiya a ciki.

Toh duk wannan lissafin takardunka ne ke yanke shi kafin ra'ayinka. Wanda aka haifa a can ko mai girin kad, ƙofa ukun a buɗe suke. Mai bizar ɗalibi ta F-1 kuwa awa 20 a sati aka yarda ya yi aiki lokacin karatu, kuma a cikin makaranta kawai, aikin waje sai da izinin horon aiki na CPT, wanda sai ka cika shekarar karatu ɗaya kuma aikin ya zama yana da alaƙa da kwas ɗinka, ko na OPT, wanda aka fi amfani da shi bayan an gama digiri. Ka ga kenan albashin kamfanin magatakarda ko na motar asibiti ba abin da za ka tashi kawai ka karɓa ba ne, shi ya sa ga ɗan F-1 na binciken ya fi sauƙin shiga, musamman in a matsayin kwas ake yinsa a asibitin jami'arku. Amma don Allah kar ka ce ai ba a biyana don haka ba matsala, wasu makarantun suna ɗaukar aikin da ba a biya ma a matsayin horo mai buƙatar izini. Je ofishin ɗaliban ƙasashen waje ka sami DSO ɗinka, jami'in da ke kula da takardun bizarka, ka tambaya ta imel don amsar ta zama a rubuce. Kuma tunda an zo nan, makarantun likitancin Amurka da ke ɗaukar ɗan ƙasar waje ba su da yawa, bashin karatu na gwamnatin tarayya ma ba ya samunsa, ka duba MSAR, jerin sharuɗɗan shiga makarantun likitanci, tun kana shekarar farko ka san inda ka dosa. Wannan ma wani dalili ne da ke ƙara wa na binciken daraja, don ko likitancin bai yiwu ba, wanda ya iya neman yarda da REDCap da ƙa'idojin IRB, kwamitin da ke amincewa da bincike a kan mutane kafin a fara, yana iya samun aikin kodinetan bincike da OPT, ko ya wuce digiri na biyu a lafiyar al'umma, kuma sana'a ce da ko gida ka dawo asibitocin koyarwa da masu gwajin rigakafi suna neman mai ita.

Ni dai in ƙanina ne ko ƙanwata a shekarar farko ko ta biyu, na binciken zan ce ya kama, don awa huɗu ko takwas a sati ba za su ci maki ba, kuma cikin zango ɗaya zai gane ko zuciyarsa na ɗaukar jini da ihu da warin imajansi kafin ya kashe kuɗin kwas. Maganar sallah ma ta fi sauƙi a nan, ka zaɓi diyutin da bai hau kan Juma'a ba, saɓanin awa 12 a bayan likitan da shi kansa bai samu ya sha ruwa ba, balle a ce da azumi ne a lokacin zafi da rana ke kaiwa takwas na dare ba ta faɗi ba. Wanda ya gama digiri zai yi shekara guda kafin ya nema kuma yana da haya a wuya, magatakarda ko aikin mataimaki a imajansi, ba sai an yi dogon tunani ba. Wanda kuma kunya ta yi masa yawa, irin tarbiyyarmu ta sunkuyar da kai gaban babba, shi ne ma ya fi buƙatar na binciken, kuma shi ne zai fi son guduwa ya ɓuya bayan kwamfutar magatakarda. Ranar intabiyu tambayarka za a yi ka ba da labarin wani mara lafiya da kuka yi magana, ba wanda ka rubuta abin da wani ya faɗa masa ba.

Kafin ka sa hannu a kowane shirin bincike ka tambaye su: ɗalibai ne ke neman yardar marasa lafiya da kansu ko tantancewa kawai suke a kan allo su kira kodineta? In na biyun ne rabin amfanin ya tafi. Ana yin zaman karatu da likitoci a sati ko a wata? Wa ke rubuta wasiƙar shaida, kuma bayan zango nawa? Akwai ɗalibin da ya taɓa fitar da rahoto da sunansa daga shirin? Ka nemi wanda ya yi ya bari ka ji ta bakinsa, ba wanda ke tsaye a teburin talla ba.

Wani gargaɗi, in ka ci karo da mai jin Hausa a gado, wanda a wuri irin Bronx ba abin mamaki ba ne, ku gaisa, ka yi masa sannu da jiki, amma kar ka ɗauki takardar Turanci ka fassara masa da ka ka ce ya sa hannu. Sai in IRB ta amince da hanyar da za a bi da wanda ba ya jin Turanci, tafinta kuma asibiti na da nasa wanda aka tantance, ko ta waya ne.

Shiga kuma ba ta rana ɗaya ba ce, ka ba ta makonni. Akwai kwas ɗin CITI na intanet kan kare mutanen da ake bincike a kansu, da na HIPAA kan sirrin mara lafiya, wanda shi ne ke hana ka leƙa fayil ɗin wanda ba ya cikin aikinka ko da maƙwabcinka ne, kuma kwamfutar na ajiye sunan duk wanda ya buɗe. Sai binciken ko kana da laifi a baya, sai a ƙara sunanka a takardun IRB, sai rigakafi, na ciwon hanta da ƙyanda da mura da sauransu, in katin rigakafinka na yarinta yana gida a sa a ɗauko hotonsa a turo maka, in ya ɓata za a iya gwada jini a gani. Gwajin tarin tibi kuma ka faɗa musu tun farko an yi maka allurar BCG kana jariri, don tana iya sa gwajin fata ya nuna kamar kana da shi alhali ba ka da shi, ka nemi na jini irin QuantiFERON. Yawancin shirye-shiryen suna buɗe fom ne kafin zango ya fara, wanda ke son shiga a Satumba ya fara dubawa tun kafin hutun bazara.